Geron Delu da Gonar da Leda Ta Shaƙe

Ku gyara zama ku ara mini kunnuwanku. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don idan na kai ƙarshe ku ne za ku yi aikin, ba ni ba.

A wani ƙauye da ke jingine da birni, irin ƙauyukan nan da birni ke ci a hankali kamar gara ta samu zana, an yi wani tsoho ana ce masa Nomau. Gonarsa ɗaya ce tal, ba ta da wani girma, da bishiyar gawo a tsakiyarta. Amma a zamanin da matarsa Delu ke da rai, babu mai wucewa ta gefen gonar nan da kaka bai tsaya ya ce masha Allah ba. Delu 'yar can arewa ce, kuma ranar da aka kawo ta, cikin kayanta har da 'yar ƙwaryar irin gero da uwarta ta ba ta. Gero ne mai gashi-gashi, tsuntsu ba ya jin daɗin sauka a kansa, ƙwayarsa jaja-jaja, furarsa kuwa tun daga zaure ake jin ƙamshinta. Mutanen ƙauyen ba su san sunansa ba, sai suka sa masa geron Delu.

Asirin gonar ba wani abu ba ne, taki ne. Tun kaka da kakanni, da rani ya yi, manoman gefen birni sukan ɗora wa jakuna mangala su shiga lunguna su kwaso shara. To a wancan lokacin me ke cikin sharar birni? Toka ce, da kashin awaki, da ɓawon gyaɗa, da ganyen da aka ƙunso daddawa, da tsohuwar tabarmar kaba. Duk abin da ƙasa ta bayar ne ake mayar mata da shi, ta karɓa ta cinye.

Ana nan Delu ta rasu. Ƙarfin Nomau ya soma ja da baya, jakinsa ma ya mutu. Sai babban ɗansa Ilu ya zo masa da shawara, kuma wallahi da zuciya ɗaya ya kawo ta. Ya ce, "Baba, yanzu ai an daina wahalar jaki. Masu tifar kwasar bola neman inda za su juye suke yi. Tifa guda ta fi abin da jaki zai yi jigila rani sukutum."

Nomau ba ya kiran sunan Ilu, saboda ɗan fari ne. Ya ce, "Kai wannan, ai taki taki ne. A kawo."

Kaico! Daga uban har ɗan babu wanda ya tsaya ya duba cewa sharar birni ta sauya hali. Aka dinga juye musu baƙar leda, da ledar ruwa, da robobi, da fasassun kwalabe, da matattun batura, har da allurai, garma kuma tana juya su cikin ƙasa. Shekarar farko gero ya yi kyau, kuma wannan kyaun ne ya yaudare su, suka ƙara kiran tifa. Daga nan abu ya soma lalacewa. Ruwan sama ya sauka ya rasa hanyar shiga. Saiwa ta nutsa ta ci karo da leda ta lanƙwashe. Awakin gidan suka dinga ramewa suna mutuwa, wadda aka yi sa'ar yankawa sai ga leda dunƙule a tumbinta. Daminar da Nomau ya shuka ragowar irin da ke hannunsa, geron ya fito kamar abin kirki, ya kai gwiwa, ya yi rawaya, ya kwanta. Shi ke nan geron Delu ya ƙare a ƙauyen.

Tun daga nan Nomau ya zama wani iri. Kullum sai ya dogara sandarsa ya je ya zauna a gindin gawo, yana kallon ledoji suna kaɗawa a jikin ƙaya. Kewar Delu da ya daɗe yana dannewa ta taso masa gaba ɗaya, don da can ko ba ta nan, yana ganinta a zangarniya, yana jin ta a ƙwaryar fura. Yanzu ya ga kamar ya sake binne ta, kuma da hannunsa. Ya rage cin abinci. A sayo masa fura a kasuwa, ya kai ludayi hanci, ya ture ƙwaryar ya ce, "Ba ita ba ce." Aka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Dillalan filaye kuwa, waɗanda ba su taɓa sanin hanyar gidansa ba, sai ga su da goro wai sun zo gaisuwa, idonsu na kan gona.

Rannan Nomau ya tara 'ya'yansa uku: Ilu, da Tabawa wadda ke aure a cikin birni, da autansu Sabi'u wanda ya yi shekaru a kudu yana dako, sai labarin rashin lafiyar ne ya dawo da shi. Ya ce musu, "Ni ba na jin tsoron tafiya. Abu ɗaya nake so, in sake shan furar geron uwarku, wanda ya fito a gonar nan, ko da ludayi guda ne. Kuma ku ji da kyau. In aka raba gonar nan, filoti za ta koma, na ga yadda aka yi da ta maƙwabta. Wanda ya dawo mini da abin da na rasa, shi zan danƙa wa ita ɗungurungum tun ina da rai. Kun yarda?"

Suka ce sun yarda, kowa ya tashi da abin da ke ransa.

Washegari Nomau ya je gindin gawo ya tarar da Sabi'u da shebur da manjagara da wata ƙatuwar rariyar waya irin ta magina. Ya soma daga kusurwar gabas, yana haƙa ƙasa kamu guda, yana tankaɗewa kamar mace da gari, yana tsince abin da ya rage. Mutane suka ce auta ya dawo daga kudu da taɓin hankali, wa ya taɓa tankaɗe gona? Da tarin ledar ya yi tsawo, suka ce ya kunna mata wuta ya huta. Ya ƙi. Ya ce hayaƙin zai sauka a ƙirjin Baba, narkakkiyar ledar kuma ta koma cikin ƙasar da ya sha wuyar tankaɗewa. Sai ya zauna yana warewa, roba gefe, ƙarfe gefe, kwalba gefe, ya nemo 'yan jari bola suna zuwa suna ɗauka zuwa inda ake niƙawa. Batura da allurai ya tara su daban a tsohuwar gwangwani mai murfi. Rani guda cur yana wannan aiki cikin ranar da ke dafa ƙwaƙwalwa. Hannuwansa suka tsattsage, wata tsohuwar allura ta shige masa tafin ƙafa, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, har yau ɗingishi yake yi. Nomau yana zaune yana kallo, yana tuna cewa wannan yaron ne ya taɓa ce masa noma wahalar banza ce, sai ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Kafin bazara gona ta fita tas. Sai dai ƙasar ta zama fara fat, babu sauran abinci a cikinta, ko ciyawa ba za ta riƙe ba.

Ita kuwa Tabawa, tun ranar da ta koma birni ta gane cewa ciwon ba daga gona ya faro ba, daga bakin murhu ne. Ta yafa mayafi ta shiga gida-gida a lungunsu. Kowace uwar gida ta roƙe ta abu ɗaya: toka da ɓawon kayan miya da kashin dabbobi a zuba a tsohon bokiti, leda da roba a sa a buhu, kada a haɗa. Ku da kuka san matan lungu, kun san abin da ta gani! Aka sa mata suna Tabawa mai bola. Wata ta ce mata, "Ke baiwar Allah, sharar ma sai an yi mata ɗaki biyu?" Surukarta ta ce ta zubar musu da mutunci a unguwa, mijinta ya yi kwana da kwanaki yana cin tuwo ba ya ɗaga kai ya dube ta. In ta tarar an cakuɗa, ba ta faɗa, sai ta durƙusa a tsakar gidan mutane ta sa hannu ta tsince a gabansu, har kunya ta ishe su suka soma warewa da kansu. Da mata suka ga robobin da suke zubarwa 'yan jari bola na saye har suna samun kuɗin sabulu, kuma kwatar lungun ta daina toshewa, sai masu zagin suka koma aiko mata da bokiti tun ba ta tambaya ba. Ta samu wani kango ta dinga tarawa, tana yayyafa ruwa, tana juyawa, har ya ruɓe ya yi baƙi. Ranar da motar a-kori-kura ta juye kaya na farko a gona, Nomau ya ɗebo da hannunsa ya murza, ya shinshina, bai ga ko ƙyallin leda ba. Ya ce, "Rabona da wannan warin tun ina bin jaki."

Saura Ilu. Shi tun da uban ya yi magana bai ƙara iya haɗa ido da shi ba, don ya san bakinsa ne ya kira tifa. Ya bar sana'arsa, ya bar iyalinsa a hannun Allah, ya nufi arewa neman garin uwarsu, garin da bai taɓa zuwa ba sai yana goye. Da ya isa sai ya tarar da kufai, fari ya watsa mutanen tun tuni. Ya dinga bin kasuwannin ƙauye yana leƙa buhunan masu awo, ana nuna masa gero iri-iri, babu mai gashin nan. Kuɗin mota ya ƙare, ya koma tafiya a ƙasa, zazzaɓi ya kayar da shi a wani masallaci har aka fitar da rai. Duk tsawon wannan lokaci Nomau bai ji ɗuriyarsa ba, ga gajimare ya soma haɗuwa a gabas, sai kewar ta zama biyu, ta matar da ta ɗan da ko sunansa bai taɓa kira ba. Ashe can wani ƙauye Ilu ya samu wata tsohuwa, ƙawar Delu ta ƙuruciya, da 'yan zangarniyoyin geron nan rataye a saman murhunta, hayaƙi ya mayar da su baƙi. Ta ce iri ba na sayarwa ba ne, kuma ba ta ba wanda zai je ya kashe shi. Sai da ya zauna ya gyara mata rumbu, ya yi mata sharar gona, ta ga kamun hauyarsa, sannan ta raba biyu ta ba shi rabi. Ya iso gida a rame kamar kara, ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka. Ya kwance ƙullin irin a gaban uban.

Aka yi shuka. Nomau da ba ya iya cin loma uku sai ga shi yana neman ƙari, wai kada ya tafi bai ga kaka ba. Gero ya fito, ya wuce gwiwa, ya wuce kafaɗa, ya fitar da kai mai gashi-gashi. Da aka girbe, aka sussuka, aka surfa, aka kirɓa fura aka dama da nono aka kawo masa. Tun ƙwaryar tana zaure ya ɗaga kai. Ya kai ludayi baki, ya rufe ido, ya daɗe bai haɗiye ba. Can ya ce, "Delu, sannu da zuwa." Hawaye na bin gemunsa, ya shanye ƙwaryar tas.

Da ya huta ya aika aka kira liman da mai unguwa su zama shaida. Liman ya tambayi 'ya'yan ko har yanzu suna kan yardarsu a ba mutum ɗaya, suka ce suna kai. Nomau ya dubi Sabi'u da ƙafarsa, ya san ba don shi ba da iri da takin duk a kan leda za su zube. Ya dubi Tabawa, ya san ba don ita ba da fara fat ɗin ƙasar nan ba ta riƙe ko tsiro ɗaya ba, kuma baɗi ma daga hannunta taki zai fito. Ya dubi babban, ya san ba don shi ba da ko gonar ta yi dami ɗari, ba geron Delu ba ne. Sai kuma ya tuna cewa autan ya taɓa guje wa gonar, ita 'yar a gidan wani take a birni, babban kuma shi ya kira tifa, ko da yake da izininsa ne. Liman na jira, mai unguwa na jira, dillalan filaye ma suna can bakin hanya suna jira.

Kada wani ya ce mini a bar musu su ukun, tsohon ya riga ya ga inda wannan ke ƙarewa da zarar jikoki sun taso. Gona ɗaya ce, hannu ɗaya za ta shiga, kuma kwanan Nomau ba su da yawa. To, ku da kuke da baki, ku fitar da shi daga wannan: tsakanin Ilu da Tabawa da Sabi'u, wa zai danƙa wa gonar?