Mai Mashayar Bakin Gada

An yi wani mutum a nan jiharmu, yana da mashaya a bakin tsohuwar gadar da ta haɗa mu da jihar tsallake. A lokacin ne gwamnatin tarayya da ke Washington ta ce duk jihar da ke sayar da giya ga wanda bai kai shekara ashirin da ɗaya ba, za a rage mata kuɗin gyaran hanya. Jihar tsallake ta bi. Tamu ta kafe a kan sha takwas.

Sai kakar mutumin nan ta yanke saƙa. Duk Juma'a samarin tsallake su ɗauko motocin iyayensu, su hayo gada, su sha, su koma mota na tangaɗi. Iyaye mata suka zo roƙonsa ya daina sayar wa 'ya'yansu giya. Ya ce, "Ni na haife su? Ku ɗaure su a gida mana."

Da majalisar jiha za ta ɗaga shekarun, shi ya gasa alade ya yi rabo, ya cika bas da jama'a zuwa babban birnin jiha don su hana, yana ta cewa, "Washington ta riƙe kwaltarta, mu ba bayinta ba ne." Ya kuwa yi nasara, ya dawo ana tafa masa.

Ya 'yan uwa, kun manta cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa?

Kuɗin gyara bai zo ba. Gada ta tsage, aka gindaya kankare a bakinta, hanya ta mutu daidai ƙofarsa. Dattawan gari kuwa tuni hayaniyar yara ta kore su daga wurin.

Ya je ofishin hanyoyi yana dukan tebur. Lurleen mai karɓar baƙi, wadda ɗanta ya taɓa karya ƙafa a gadar, ta ce, "Yallaɓai, kai ka ce su riƙe kwaltarsu. To, sun riƙe."

Daga baya jiha ta ɗaga shekarun, aka gina sabuwar gada nesa da shi. Mashayar nan yau kaji ke kwana a ciki.

Wanda ya mai da 'ya'yan wasu abincinsa, da hannunsa zai toshe ƙofar arzikinsa. Ni dai raina fes, don samarin nan sun rayu. Wasunsu ga su nan da furfura. Delbert, ɗaga kanka, ban faɗi sunanka a cikinsu ba.

Allah ya kiyaye mu da cin riba da ran ɗan wani. Amin.