Zazzaɓin Ranar Alhamis

An yi wata Hajiya Gambo mai gidan abinci a bakin tasha, mace mai faɗan tsiya. Rannan mai tuƙa mata tuwo ta tashi da zazzaɓi ba ta zo ba, sai Hajiya ta tara ma'aikata.

"Daga yau, duk wadda za ta yi rashin lafiya ta sanar da ni tun saura kwana uku. Wadda ta saɓa, a bakin aikinta!"

Ran Litinin sai Kuluwa mai wanke-wanke ta durƙusa gabanta, masu cin abinci na kallo.

"Hajiya, na zo sanarwa. Ran Alhamis zan yi zazzaɓi."

"Ke Kuluwa, ji tsoron Allah! Gaibu kika sani?"

"Gaskiyarki, Hajiya. To in mutum bai san gaibu ba, doka ta faɗi. In kuwa ya sani, sai kin gan ni ran Juma'a. Wanne kika zaɓa?"

Aka tuntsure da dariya. Hajiya ta dafe goshi.

"Kin sa mini ciwon kai. Gida zan tafi in kwanta."

"Ayya, sannu Hajiya. Amma fa ba ki sanar ba."