Riƙon Jikan Abu Marwan

To jama'a, ku ajiye wayoyinku ku ba ni kunnuwanku. Labarin nan na gardama ne, ni nawa bayarwa kawai, hukunci kuwa naku ne.

A garin Khan Yunus, cikin Zirin Gaza, an yi wani tsoho mai gyaran keken ɗinki. Sunansa na yanka Sabri, amma kowa Abu Marwan yake ce masa, don al'adar mutanen can ce a kira mutum da sunan babban ɗansa. 'Ya'yansa biyu ne. Akwai Marwan, wanda suke gida ɗaya tare da matarsa da jaririnsu Yazan. Sai ƙanwarsa Lamis, wadda karatu ya kai wata babbar ƙasa ta ƙetaren teku, ta zauna can har ta zama 'yar ƙasa, tana aiki a kantin magani. Ƙasar nan ba sai na faɗi sunanta ba, kun san ta. Jam'iyyu biyu ne suke karɓa-karɓar mulkinta, kowace in ta hau sai ta rantse ta fi ta baya sanin ya kamata. Abu Marwan bai taɓa jefa musu ƙuri'a ba, ko sunayen shugabanninsu bai iya faɗa daidai ba, amma abin da suka yanke a can a kan rufin gidansa yake sauka.

Da yaƙi ya ɓarke, gwamnatin da ke kan mulki a can kullum sai ta fito ta ce ranta ya ɓaci da mutuwar mata da yara, amma ba ta fasa aika makamai ba. Wata safiya Abu Marwan ya fita neman ruwa. Kafin ya dawo gidansa ya zama tsibin siminti, Marwan da matarsa da jaririn suna ciki. Masu ceto suka zo suka kasa kunne, suka ce babu mai numfashi, suka wuce gida na gaba inda ake jin ihu. Tsohon ya zauna a ƙasa, ko kuka ya kasa.

Maƙwabciyarsu Rudaina, mai gasa gurasa, ita ce ta ƙi tafiya. Mace ce mai taurin kai, duk unguwa an san ba a cin ta da gardama. Ta ce ita ta ji kukan jariri. Aka ce mata kyanwa ce, ta ce to kyanwar za ta tono. Da hannu ta yi ta tono har rana ta karkata, wani rodi ya tafi mata da yatsu biyu, ta naɗe hannun da gyalenta ta ci gaba. A ƙarƙashin wata ƙofa da ta kife ta sami Yazan da ransa, sai dai wani ɗan ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa ƙirji ya zauna. Iyayensa kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Da Rudaina ta bi bayan masu ceto, da labarin nan a nan ya ƙare.

Abu Marwan ya ɗauki jikansa ya koma sansanin tantuna a bakin teku. Jariri kuwa bai san yaƙi ba, nono ya sani. Madarar gwangwani ta yi ɓatan dabo, tsohon ya yi ta ɗura masa ruwan shinkafa, yaro ya rame har kukansa ya daina fita. A lokacin ne gwamnatin nan dai, ita da kanta, ta fara jefo abinci daga jirgin sama a ɗaure da laima. Abu Marwan ya ɗaga kai ya duba, ya ce shi dai ya tsufa bai gane wannan irin tausayi ba.

A tantin da ke kusa da nasa akwai wata matashiya, Suhaila. Mijinta ya bi wani ƙunshin abinci da iska ta kai cikin teku, bai dawo ba. Jaririnta kuma gudawa ta ɗauke shi ba da daɗewa ba, ya bar ta da nono yana zuba. Ba wanda ya roƙe ta. Ta shigo ta ɗauki Yazan daga cinyar kakansa ta sa shi a ƙirjinta. Ita kanta yunwa take ji, gashinta yana zubewa, in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Mata suka ce ta yaye shi kafin ya ƙarar da ita, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta shayar da shi har ya yi ƙwari ya fara rarrafe, kuma kun san hukuncin shayarwa, ta zama uwarsa. Da Suhaila ta saurari matan nan, da wahalar Rudaina ta tashi a banza.

Lamis kuwa tana can tana bin ofisoshi da tarukan zanga-zanga har muryarta ta dishe. Da zaɓe ya zo ta ce ba za ta ba waɗanda makaminsu ya kashe yayanta ƙuri'a ba. Ta zaɓi abokan hamayyarsu, ta kuma ja mutane da yawa suka bi ta. Sabuwar gwamnati ta hau, kuma a faɗi gaskiya an tsagaita wuta, an ɗan buɗe iyaka. A lokacin wani likitan sansani ya ce ƙarfen nan na ƙirjin Yazan yana matsawa kusa da zuciya, in ba a cire ba zai kashe shi. Lamis ta samo asibitin da ya yarda zai yi aikin a can inda take. Ana cikin shirin tafiya sai gwamnatin da ta zaɓa da hannunta ta rage tallafin da ake kai wa sansanoni, ta kuma rufe ƙofa, ta ce yaran Gaza ba za su ƙara shiga ƙasarta neman magani ba. Lamis ta yi kuka, ta sha habaici wajen waɗanda ta ja. Sannan ta ajiye aikinta ta hau jirgi zuwa Alƙahira, ta bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya har ta dace da likitan da ya karɓi aikin. Mutum ɗaya aka yarda ya raka yaron, don haka kakansa ya ƙetara da shi. Aka cire ƙarfen, Yazan ya tashi. Da Lamis ta zauna tana cizon yatsa, da tono da shayarwa duk ba su hana a binne shi ba.

A asibitin ne likita ya duba Abu Marwan shi ma, ya gaya masa gaskiya cewa zuciyarsa ta gaji, ya shirya al'amuransa. Tsohon bai ji tsoron mutuwa ba. Abin da ya dame shi wa zai bar wa jikansa.

Rudaina ta kira shi a waya ta ce, "Ya Hajji, ni ban iya daɗin baki ba. Na sake gina tanderuna, ba zai rasa abinci a hannuna ba. Ƙasarsa nan ce, kabarin ubansa nan ne, ka dawo mini da shi."

Suhaila ta karɓi wayar ta ce, "Ya Hajji, ni ba ni da komai, tantin ma ba nawa ba ne. Amma ni yake kira mama. Na rasa ɗa sau ɗaya, don Allah kada ka sa na rasa na biyu."

Lamis tana zaune gefen gado ta ce, "Baba, ɗan yayana ne, jinina ne. Ba zan iya shiga da shi ƙasar da nake aiki ba, amma zan zauna da shi a nan, ga likita ga makaranta. Kada ka mayar da shi inda ransa yake jiran sakamakon zaɓen wasu mutane."

Abu Marwan ya shiga auna su ɗaya bayan ɗaya. Ya san Rudaina ta fara manyanta, ga faɗa. Ya san Suhaila ba ta da inda za ta sa kanta, kuma babu mai tabbacin wuta ba za ta sake tashi ba. Ya kuma ga yadda Yazan yake tsala ihu duk sanda Lamis ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, don bai san ta ba. Ya rasa wadda zai hana, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Kada wani ya ce mini a raba musu lokaci, wata nan wata can. Iyakar nan ba ta buɗuwa don an so, wanda ya shiga bai san ranar fitarsa ba. Mace ɗaya za a ba, sauran biyun wataƙila ba za su ƙara ganinsa ba. To, tsakanin wadda ta tono shi, da wadda ta shayar da shi, da wadda ta nemo masa magani, wace ce ta fi cancanta a danƙa mata Yazan?