Mutumin da Ya Ji Tsoron Tsayar da Tsohon Inji

Akwai wani mutum da aka ba shi kula da babbar kwamfutar wani asibitin mishan, irin wadda ake kira saba. Ita saba ba ta da hotunan da ake dannawa. Baƙin allo ne kawai, mutum ya rubuta mata umarni, ita kuma ta amsa masa a rubuce. A cikinta akwai wata manhaja da suke kira inji, wadda take karanta rubutattun umarni tana aikata su. Wannan inji ne yake tura wa iyaye mata saƙo a waya idan ranar rigakafin jariransu ta kusa.

Ana nan sai injin ya tsufa, saƙonni suka daina fita. Sista Hanatu, shugabar sashen yara, ta zo ta same shi.

"Malam, gobe fa rigakafi. In matan ƙauye ba su ga saƙo ba, ba mai zuwa."

Mutumin ya zauna gaban allo, ya rubuta umarni, ya sauko da sabon inji daga intanet, ya girka shi a saba. Ya tambayi saba wane inji ne a ajiye, ta ce sabo. Sai ya miƙe yana washe baki, har da ce wa Sista ta je ta sha ruwa ta kwantar da hankalinta.

Amma saƙo ko ɗaya bai fita ba. Ya sake girkawa, shiru. Ya sake, har zufa ta keto masa. Daga bisani ya canja tambaya, ya ce wane inji ne yake aiki yanzu. Saba ta ce tsoho. Ashe sabon yana nan zaune kamar baƙon da ba a ce masa bismilla ba, tsohon kuwa yana ta harkarsa, gama ba wanda ya tsayar da shi.

Nan fa tsoro ya kama mutumin. Tun da ya kama aikin nan bai taɓa tsayar da injin ba, ko lalatacce ne dai ya saba da shi.

"Sista, in na tsayar da tsohon, sabon kuma ya ƙi tashi fa?"

"To yanzu da bai tsaya ba, me yake tsinana mana?" in ji ta.

Mutumin ya yi addu'a gajeriya, ya rubuta umarnin tsayarwa. Allo ya yi tsit. Sa'an nan ya rubuta umarnin tayar da sabon. Kafin ya ɗauke hannu, wayar Sista ta yi ƙara a aljihunta, domin ita ma tana da jariri a jerin waɗanda za a yi wa rigakafi. Suka fashe da dariya su biyu. Kashegari farfajiyar asibiti ta cika da mata da goyo, kukan jarirai har bakin titi, mutumin kuwa bai taɓa jin kuka mai daɗi haka ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: saba zuciyarmu ce, sabon inji kuwa Maganar Allah ce da muke karɓa kowace Lahadi. Da yawa daga cikinmu mun karɓe ta da gaske. In aka tambaye mu aya, sai mu kawo ta tiryan-tiryan. Amma je ka gida ka ga wanda yake aiki: tsohon fushi ne, da tsohuwar gulma, da gabar da muka riƙe tun bara. Ƙara jin wa'azi kaɗai ba zai kore su ba, sai mun tuba mun tsayar da su. Na san da tsoro, gama mun saba da su. Amma ku yi murna, 'yan'uwa, sabon halin da Ubangiji ya ba mu ba ya ƙin tashi. Yau in kun koma gida, ku nemi wanda kuke gaba da shi, ku riga shi gaisuwa.