Batirin Keken Malam Usaini

Akwai wani mai gyaran kayan sola a wani gari kusa da Ɗanbatta, sunansa Dallatu. Mutane suna kiransa Injiniya, shi ma yana son sunan. Gaskiya kuma ya iya aiki. Kada mai karatu ya ɗauka rashin sani ne ya jawo abin da zan faɗa. Ya san abin da ya kamata ya yi.

Yana da aboki tun na yarinta, Malam Usaini, mai gyaran takalma a bakin tasha. Shan-inna ya taɓa masa ƙafafu tun yana ƙarami, saboda haka keken guragu yake hawa, irin wanda ake murza fedarsa da hannu. Yanzu girma ya kama shi, kafaɗu sun fara ciwo, tafiya mai nisa ta soma gagararsa.

Wata rana Usaini ya tsaya a ƙofar shagon Dallatu ya ce, "'Yata Juwairiyya za ta yi saukar Alƙur'ani ranar Asabar ta sama, a Islamiyyar ƙauyen kakanninta."

"Masha Allah! 'Yar tawa ta girma."

"So nake in je da kaina, Dallatu. Ba na so a ɗauko ni kamar buhun gyaɗa a sauke a gaban ƙawayenta. In shiga a kan kekena, in ji karatunta da kunnena. Amma rairayin hanyar nan ya fi ƙarfin hannuna."

Dallatu ya yi dariya. "Kai dai nemi hula mai kyau. Injin lantarki zan sa maka, ka riga masu babur isa."

"Ni ba tsere zan je ba, Injiniya."

Dallatu ya sayo injin daga birni. Batirin kuwa shi ya haɗa da kansa, da ƙananan ƙwayoyin batir da ya ciro daga tsofaffin kwamfutoci. Ana jera su ne layi-layi, a liƙe da dalma, a sa musu ɗan allon tsaro. Ƙa'idar aikin ita ce a auna kowane layi shi kaɗai, a yi masa caji a hankali har duk su zo daidai da juna. Idan layi ɗaya ya kasa, sai a fitar da ƙwayar da ta gaji a sa wata. Domin allon tsaro ba ya duban ƙarfin sauran. Da zarar layi ɗaya ya ƙare, sai ya yanke wutar gaba ɗaya. Manomi ya san haka daga shanun huɗa: in ɗaya ya durƙusa, garma ta tsaya.

Da Dallatu ya auna, sai ya ga layi ɗaya yana ƙasa da 'yan uwansa. Ya sake aunawa. Haka dai.

Gyaran zai ci kwanaki, ga shi washegari kasuwa ke ci, kuma ya riga ya gaya wa mutane su zo su ga keken da babu irinsa. Sai ya ɗora mita a kan batirin gaba ɗaya. Lambar ta fito da kyau, domin ƙarfin sauran ya rufe wa mai raunin asiri. Ya rufe akwatin batirin ya ɗaure kusoshi. A ransa ya ce zai buɗe bayan kasuwa.

Ranar kasuwa ya hau keken da kansa, ya zagaya tasha, samari suna ɗaukarsa a waya. Har wasu suka ce su ma a yi musu. Bai sake buɗe akwatin ba.

Da Usaini ya zo karɓa, ya shafa gaban keken ya ce, "Ina fedata?"

"Na cire. Ta tare wa akwatin wuri. Mai lantarki me zai yi da feda?"

"Ba dai zai tsaya mini a hanya ba?"

"Haba, Usaini. Ni ne fa."

Ranar Asabar Usaini ya fita da sassafe cikin sabuwar farar riga. Matarsa ta riga ta tafi tun jiya don taya girki. Dallatu ya biyo baya da hantsi a kan babur ɗinsa.

Damina ce, gero ya yi tsayi ya rufe burtali hagu da dama. A wani kwari, inda ko waya ba ta samun sabis, Dallatu ya hango keken tsaye a tsakiyar hanya, babu kowa a kai. Ya sauka ya murza abin tuƙin. Shiru.

Sai ya ga sawu a cikin jiƙaƙƙen rairayi. Sawun tafin hannu ne da na gwiwa, sun nufi ƙauyen.

Ya tura babur ɗin yana bin sawun. Can a gindin wata tsamiya ya tarar da abokinsa zaune yana haki. Gaban rigar duk laka, tafin hannunsa ya saɓule. Daga nesa iska tana kawo sautin lasifikar makaranta, ya zo ya ɗauke.

"Injiniya, ka iso," in ji Usaini.

"Me ya faru?"

"Ni zan tambaye ka. Yana fara hawan tudun nan ya mutu."

Dallatu ya tsuguna. Zai iya cewa injin ne, ko ruwa ne ya shiga, Usaini ba zai taɓa sani ba. Amma ya dubi hannuwan nan, ƙaryar ta ƙi fita.

"Akwai layi ɗaya mai rauni a cikin batirin. Na gan shi tun kafin in rufe."

"Ka gan shi?"

"Na gani."

Usaini ya daɗe yana kallon gonar gero. Bai zage shi ba. Da ma ya zage shi, da ya fi sauƙi.

"To, ɗauke ni," ya ce. "Ko Allah zai sa ba a kai kanta ba."

Dallatu ya ɗaga shi ya ɗora a babur. Da suka isa, an tashi daga karatu, ana ɗaukar hotuna. A gaban 'yan mata masu fararen hijabai da iyayensu, Dallatu ya rungumo abokinsa ya sauke shi a kan tabarma. Wasu suka kau da kai don kunya. Usaini yana ta jan riga yana son rufe lakar.

Juwairiyya ta taho da sauri da allonta a hannu. "Baba, na yi ta dubawa ban gan ka ba. Ni aka fara kira." Sai idonta ya kai kan hannuwansa.

"Keke ne ya ɗan ba ni wahala, uwata," in ji Usaini. "Babanki Dallatu ne ya tsince ni a hanya ya kawo ni. Ki yi masa godiya."

Yarinyar ta durƙusa har ƙasa. "Mun gode, Baba Dallatu. Allah ya saka da alheri."

Mutanen da ke wurin suka ce amin.

Darasi: Idan aka ba ka amanar aiki, inda ka ga rauni nan ne aikinka yake, ko da babu mai gani sai kai. Abin da ka rufe don gaggawa ko don neman yabo, wanda ya yarda da kai ne zai ɗauki wahalarsa, kuma akwai ranar da ba a maimaita wa mutum ita. Ku tura wannan ga 'yan uwa, musamman masu sana'ar hannu. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.