Ranar Da Alfa Seyni Ya Kai Ƙarar Ɗansa

Akwai wani malamin fiƙihu a Tumbuktu, zamanin mulkin sarakunan Askiya, ana ce masa Alfa Seyni. Babin niyya ne fagensa. Sai ya wuni yana yi wa ɗalibai bayanin abin da ke ɓoye a zukatan mutane, amma tasa zuciyar ko leƙa ta ba ya yi.

Ɗansa ɗaya ne, Albakaye. Da ya kammala karatu, uban ya ba shi kyautar littattafansa. Daga baya suka saɓa a kan wata fatawa, Alfa ya kira shi jahili a bainar jama'a. Albakaye ya ɗaure littattafan ya koma Jenne.

Shekaru suka ja, kewa ta ci Alfa. Duk sanda aka ce jiragen ruwan Jenne sun iso tashar Kabara, sai ya hau jaki ya tafi, wai farashin takarda zai tambayo. Amma ya aika a ce wa yaron ya dawo? Ina! Girman kai ya hana.

Sai ya je wurin Alƙali Mahalmudu, abokinsa tun na ƙuruciya.

"Allah ya gafarta Alƙali, na janye kyautar da na yi wa ɗana. Uba yana da wannan haƙƙin. A aika masa sammaci."

Alƙali ya yi dariya. "Seyni, kai da yanzu sai an karanta maka, me za ka yi da littattafai? To, ka fi ni sanin hukuncin. In kyauta ce kawai, ta janyu, in sa a kawo shi. In don Allah ka bayar, sadaka ce, ba ta dawowa. Ba mai shaida sai kai. Me ke ranka a ranar?"

Alfa ya ga hanya a buɗe. Ƙarya guda zai yi, a kawo masa ɗansa har gida, kuma ba wanda zai taɓa sani.

Can ya ce: "Don Allah na bayar. Don ya karantar bayan raina."

"To ba ni da sammacin da zan rubuta," in ji Alƙali. "Amma tsoho, ba a hana malamai shiga jirgi ba."

Alfa ya sha kunya, amma ya shiga jirgin Jenne.

A zauren Albakaye ya tarar da littattafan a ɗaure cikin gafakoki, an jera su bakin ƙofa.

"Tafiya za ka yi?" in ji Alfa.

Albakaye ya durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, fatake sun ce ka kai ƙarata. Tun ranar na ɗaure su. Kullum ina addu'ar sammacin ya iso, in samu dalilin zuwa gida."

Darasi: Alƙali yana hukunci da abin da ya bayyana, abin da ke zuciya kai da Allah kuka sani. Kada ka yi ƙarya a kansa, kada kuma girman kai ya hana ka faɗa wa wanda kake kewa cewa kana kewarsa. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai jiran dalilin komawa gida.