Gwamma Ta Shigo da Daji Ɗaki

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam!

Sunan garin ya kuɓuce mini, akwai kuma wata 'yar waƙa a tsakiya da na manta. Abin da ya rage shi zan ba ku.

An yi wata tsohuwa, Gwamma, da ta girma a bakin daji. Ɗanta ya kawo ta gari, ya ba ta ɗaki fes da gadon katako. Barci ya ƙi zuwa. Idanunta suka faɗa, ta rame.

Ran nan tana zaune a gindin katanga sai Gara ta leƙo.

"Iya, me ya hana ki barci?"

"Ɗakin nan ba ya ƙanshin komai."

"Ai sai ki shigo da daji. Ni maginiya ce. Samo zana ki jingina a bango, amma ta taɓa ƙasa."

Ta samo. Barci ya zo bakin ƙofa ya tsaya.

"Samo kututture ki riƙa ɗora fitila, amma ya taɓa ƙasa."

Ta samo. Barci ya shigo, ya zauna a gefen gado.

"Yanzu yayyafa ruwa a daɓe, ki ji ƙanshin damina."

Ta yayyafa. Ta yi barci har hantsi.

Gara kuwa ta kirawo danginta. Suka ci zana, suka ci kututture, suka kama ƙafar gado. Wata safiya Gwamma ta juya, sai rugum! Ga ta a ƙasa.

Gara ta ce, "Sannu, Iya. Gadon gari ke nan, ba ƙwari."

Gwamma ta dubi hanyar jar ƙasa da ta hau ƙafar gadon. Ta ce, "Gaskiyarki, 'yar nan. Dajin ne bai cika ba. Tara 'yan uwanki gobe, ku ga abin da zan ƙaro."

Washegari suka taru. Gwamma ta shigo da zabuwa a hammata, ta mayar da ƙofa.

"Iya, wannan ai ba ta cikin kayan ado!"

"A dajinmu tana ciki."

Zabuwa ta karya kumallo, ta ƙoshi.

Gwamma ta sa aka yi mata gado da azarar giginya. Ta rataye sabuwar zana sama da ƙasa, ta ɗora kututture a kan dutse. Barci ya dawo, bai sake fita ba.

To, yara, in wani ya ce ku kawo abu kaza ɗaki, ku fara duba shi me yake ci. Ƙurunƙus, tatsuniya ta koma daji.

Af. Daga baya na tambayi wani tsohon magini. Ya ce haƙiƙa gara ba ta cika taɓa azarar giginya ba, shi ya sa suke rufin soro da ita.